Duwatsun da Halmoni ta hana ni taɓawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ka taimaka mini da fili a jaridarmu ko da wasiƙar ta ɗan yi tsawo, domin abin da ke cikina ba zai shiga layi biyar ba.

Ni Bakano ne, amma shekara tara ke nan ina zaune a Incheon ta Koriya ta Kudu, ina harkar tsofaffin motoci da kayan gyaransu. A watan jiya ƙanena ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, wai ga yadda mutanen Koriya ke mayar da iyayensu duwatsun ado bayan sun mutu. Ya biyo da tambaya: "Yaya, don Allah da gaske ne, ko shaci-faɗin intanet ne?" Ya ce a majalisarsu an kwana ana dariya, wani ya ce hauka ne, wani ya ce tsafi ne tsagwaronsa. Na ba shi amsa a gajarce cewa da gaske ne. Doguwar amsar ce na kawo maka, domin ni ba a waya na ga abin nan ba. Saura ƙiris in tsoma hannu a ciki.

Gidan da nake haya na wata tsohuwa ce da ta haura saba'in da biyar. Ina ƙasa, tana bene. Halmoni nake ce mata, wato Kaka, haka ake kiran kowace tsohuwa a nan. A shekarata ta biyu a gidan, ana jajiberin Chuseok, bikin girbinsu da kowa ke tafiya garinsu kamar yadda muke yi da Sallah, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in hau mata da buhun shinkafa. Na kai, na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta ce ba inda za ni sai na ci songpyeon, wani ɗan dunƙulen garin shinkafa mai zaƙi da suke turarawa lokacin bikin. Ina zaune a ƙasa ina ci, idona ya faɗa kan wani ɗan kabad kusa da talabijin. Hoton wani dattijo ne a kai, a gabansa kuma wani gilashi mai murfi, bai fi ƙaramar tukunyar miya ba, cike da ƙananan duwatsu. Launinsu tsakanin kore da shuɗi, wasu sun fi wasu duhu, sumul-sumul, suna ɗaukar ido.

To mahaifina, Allah ya ji ƙansa, a Kasuwar Kurmi ya ƙare rayuwarsa yana sayar da carbi da turare da huluna. Tun kafin in iya haɗa baƙi na iya shirya carbi. Na kuma san mabiya Buddha suna da nasu carbin. Sai na ga ai ga hanyar da zan rama wa tsohuwa alherinta. Da ɗan guntun Koriyancina na ce, "Halmoni, carbinki ne ya tsinke? In akwai zare, yanzu zan shirya miki shi." Ban ma lura duwatsun ba su da huda ba. Na miƙa hannu zan ɗaga murfin, sai na ji ta damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

Ta ce, "Kar ka taɓa. Mijina ne."

Na ɗauka yarena ne ya gaza, "na mijina ne" take nufi. Na ce to, kayansa ne ke nan. Ta girgiza kai. Ta nuna hoton, ta nuna gilashin, ta haɗa yatsunta biyu wuri guda. Ban san sa'ad da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" ta fito daga bakina ba. Lomar da ke bakina ta ƙi wucewa. Na sauko ɗakina na wanke hannu har sau uku alhali ban taɓa kome ba, na kwana ina kallon silin, ina lissafin cewa kabad ɗin nan daidai saitin kaina yake.

Daga baya, da muka saba, ita da kanta ta warware mini yadda aka yi, na kuma ƙara da tambayar abokan sana'ata. A nan kwana uku ake zaman makoki, galibi a wani zaure da aka tanada a jikin asibiti, a rana ta uku a kai gawa wurin ƙonawa. Wutar kan kai digiri 800 zuwa 1,000. Abin da ke fitowa bayan awa ɗaya da rabi ko biyu ba toka ba ce irin ta murhu. Ƙasusuwa ne da wuta ba ta iya cinyewa ba, sai a sa inji ya niƙe su su zama gari, kilo biyu zuwa uku ga babban mutum. Wannan garin shi ake kai wa masu yin duwatsun. Suna sake sa shi a wutar da ta fi ta farko zafi nesa ba kusa ba, har ya narke ya zama ruwa, ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, ya huce ya sandare. Wanda ya taɓa zuwa unguwar Masaga a Bida ya ga yadda Nufawa ke narka kwalba su fitar da duwatsu da awarwaro, to ya kwatanta abin a ransa, sai dai a nan ƙashin mutum ne a madadin kwalba. Kamfanin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Bonhyang, a garin Icheon, kudu maso gabas da Seoul (ba Incheon tamu ba, sunayen ne suka yi kama, ni ma na sha hawa motar da ba ita ba). A rahoton da kamfanin dillancin labarai na AP ya yi a kansa a 2011, kuɗin aikin wajen dala 900 ne, ana gamawa cikin minti 90, kuma mutum ɗaya kan ba da kofi huɗu zuwa biyar na duwatsu. Matashi, saboda ƙwarin ƙashinsa, yakan kai kofi takwas. Wannan lissafin kofi shi ya fi tayar mini da tsigar jiki, kamar ana awon gero.

Gyara ɗaya ga masu yaɗa bidiyon: a Koriya yawanci ba a rataya su a wuya. A gilashi ko faranti ake ajiyewa a ɗaki. Masu yin zobe da sarƙa sun fi yawa a Turai da Amurka, inda kamfanoni irin su LifeGem da Algordanza ta ƙasar Suwizalan ke tace sinadarin gawayi daga tokar su matse shi ya zama lu'ulu'u.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi diddigi shi ne, mutanen nan ba masu ƙona gawa ba ne tun asali. Sarakunan daular Joseon, da suka hau mulki a 1392 suka shekara ɗari biyar suna bin koyarwar Konfushiyas, wani tsohon malamin hikima na ƙasar Sin, hana ƙonawa suka yi. A wurinsu jiki amanar iyaye ne, ko gashi ba a so a yanke, balle a cinna wa uba wuta. Kabari suke yi mai tudu kamar an kife ƙwarya, a gefen dutse, a shuka masa ciyawa. Akwai masana na musamman da ake biya su zaɓi wurin, domin sun yi imani cewa in kaka ya kwanta a wuri mai kyau jikoki za su yi arziki. Kafin Chuseok 'ya'ya maza kan je su yanke ciyawar kabari, ranar bikin a kai abinci a yi gaisuwa. Ɗan da ya bar kabarin ubansa ya zama daji, ba shi da bakin magana a dangi. Har farkon shekarun 1990, cikin mamata goma ba a ƙona biyu cikakku ba, su ma yawanci matalauta ne da marasa gata. A 2005 masu ƙonawa suka haura rabi. Yau sun wuce tara cikin goma. Cikin rayuwar mutum ɗaya al'adar shekara ɗari biyar ta kife.

Me ya kifar da ita? Ƙasa. Koriya ta Kudu duka-duka kamar a haɗa Jihar Neja da Jihar Kano ce, wajen murabba'in kilomita 100,000, kusan kashi biyu cikin uku duwatsu ne, ga mutum sama da miliyan 51, rabinsu sun cunkushe a Seoul da kewayenta. Kaburbura suka yi ta cin gefen duwatsu kamar wutar daji. A watan Agustan 1998 ruwan sama mai ƙarfi ya kwashe dubban kaburbura a maƙabartun da ke arewa da Seoul, iyalai suka zo suka tarar da ƙasusuwa a cakuɗe cikin laka, ba a san na wane da wane ba. A watan nan kuma Chey Jong-hyun, shugaban kamfanin SK, ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, ya rasu ya bar wasiyyar a ƙona shi. Mutane suka ce in mai wannan dukiya bai ji kunya ba, mu a su wa? A 2000 majalisa ta yi dokar da ta ce duk sabon kabari iyakarsa shekara 60, daga nan sai a tone a kwashe. Sai kowa ya yi lissafi: in ƙarshenta jikana ne zai zo ya tone ni ya ƙona, gara a yi ta ta ƙare tun yanzu.

Ita Halmoni ba ta yi mini zancen doka ba. Ta ce kaburburan dangin mijinta suna can kudu, a lardin Jeolla, a kan wani dutse da gwiwarta ba ta iya hawa. Tafiyar awa huɗu ce, ranar Chuseok kuwa cunkoso kan mai da ita takwas. Ɗanta ɗaya yana Seoul, aiki ba ya barinsa ya numfasa, 'yarta tana aure a Kanada. Jika ɗaya tal gare ta. (A 2023 matsakaicin haihuwar mace a ƙasar nan 0.72 ne, wato ko ɗa ɗaya bai cika ba. Ka lissafa kaburbura nawa ke jiran yaro guda ya yanke musu ciyawa.) Da farko sun ajiye garin a gidan ajiyar toka, wani gini mai akwatunan gilashi jere a bango kamar kantin magani, inda layin da ke daidai ido ya fi tsada, na ƙasa da na can sama suka fi araha. Layin ƙasa suka iya biya. Ta ce duk zuwa sai ta durƙusa kamar mai neman allura kafin ta ga sunansa, ga haya ana sabuntawa, ga maganar da ake yi cewa garin kan ja danshi ya yi wari. Ta ce, "Shekara arba'in da shida muna cin abinci a tebur ɗaya. Sai in bar shi a layin ƙasa, kusa da takalman mutane?" Yanzu da safe takan goge gilashin, ta gaya masa labarin farashin kabeji.

Akwai kuma wani abu a addininsu da ya sa duwatsun ba su yi musu baƙunta ba. Mabiya Buddha sun daɗe suna tsince wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli a tokar manyan malamansu, suna kiransu sari, suna ɗaukarsu alamar tsarkin mamacin. Da babban malaminsu Seongcheol ya mutu a 1993, an ce an tsinci fiye da ɗari, jama'a suka yi dogon layi a wurin ibadar Haeinsa don su gani. Abin da kamfanonin suka yi shi ne, suka ɗauko abin da a da sai waliyyinsu, suka sa masa farashi.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman Koriya ya narkar da ni. Ban yarda da abin nan ba, ba na so a yi mini, ba na so a yi wa kowane Musulmi. Allah ya ce ya karrama ɗan Adam, kuma a Suratul Ma'ida hankaka ya aiko ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai rufe ɗan'uwansa a ƙasa. Hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. In karyawa ta zama haka, ina ga niƙawa da narkawa? Ba mu kaɗai ba ne kuma. Cocin Katolika, da ta halatta ƙonawa tun 1963, ta fitar da umarni a 2016 cewa ba a mayar da tokar mamaci kayan ado ko abin tunawa. A cikin 'yan Koriya ma akwai masu ƙyamar abin, suna cewa kasuwanci ne da hawayen mutane.

Ni ma a matsayina na ɗan kasuwa akwai inda hankalina bai kwanta ba. Wutar da ta kai wannan zafi ba ta barin wata shaidar da likita zai gwada ya ce wannan wane ne. Ka miƙa gari, an miƙo maka duwatsu, sai yarda kawai. Ban ce ana cuta ba. Na dai san sana'ar da mai saye ba shi da hanyar duba kaya, sai mai tsoron Allah. Bayan haka, mu in mun kai mamaci mun ce mun kai shi gidansa na gaskiya, mun miƙa shi, mun juyo, ya fita daga hannunmu. Wanda ke cikin gilashi bai fita ba. Ya shiga sahun kayan ɗaki. In an tashi daga gida sai a naɗe shi a jarida a sa a kwali tare da kofuna. In tsohuwa ta mutu, wa zai gaje shi? Jikan da bai san shi ba? Na taɓa yi mata wannan tambayar a fakaice. Ta yi shiru, ta ce ta gaya wa ɗanta a haɗa su biyun a gilashi ɗaya, abin da ya biyo baya kuma ba ruwanta.

Da a nan zancen ya tsaya, da ban dame ka da wasiƙa ba.

Mahaifina ya rasu ina nan. Da asuba aka kira ni, kafin azahar ta Kano an yi masa wanka, an sa likkafani, an yi salla, an kai shi. Haka ya kamata, ban ce a jira ni ba. Sai bayan wata goma sha huɗu na samu zuwa gida. Washegarin saukata na ce wa ƙanena ya raka ni in yi masa addu'a a kansa. Muka shiga maƙabartar unguwarmu, ya yi gaba da ƙarfin gwiwa, ya ce kusa da wata bishiyar darbejiya ne, an kafa ɗan ƙarfe da suna. Darbejiyar an sare ta. Ƙarfen babu, an ce 'yan jari-bola sun bi dare sun tsince duk wani ƙarfe da ke wurin. Damina biyu ta bi ta kai, kaburbura da yawa sun burma, fasassun tukwane a waje. Ta gefen da katanga ta faɗi an yi hanya, har da sawun babur, awaki na kiwo, ga bola an fara tarawa. A ɗaya gefen kuwa ginin wani ya shigo da ƙafa ɗaya, ba wanda ya ce masa kanzil. Muka nemo dattijon da ke haƙa, bawan Allah da ba shi da albashi sai abin da masu gawa suka miƙa masa. Ya dafa goshi, ya nuna wani wuri, ya ce ko nan ko can. Na ce babu littafi? Ya dube ni kamar na yi masa Koriyanci.

Na tsaya tsakanin kabari uku na ɗaga hannu, ban san wanne ne na mutumin da ya koya mini shirya carbi ba. Na san addu'a ba ta ɓata hanya, malamai sun faɗa, na kuma yarda. Amma a wurin nan tsohuwar nan ta faɗo mini a rai, ita da gilashinta da tsumman gogewarta. Hanyarta ba daidai ba ce a wurina har gobe. Sai dai ita ta san inda nata yake.

Shi ya sa dariyar majalisar su ƙanena ba ta yi mini daɗi ba. Koriyawa ba su kwana sun tashi da sha'awar narka iyayensu ba. Gari ne ya cika, ƙasa ta yi tsada, 'ya'ya suka watse, kabari ya zama nauyi, ɗan kasuwa ya hango ƙofa. Wanne ne cikin waɗannan bai fara leƙo Kano da Kaduna da Abuja ba? Unguwanni nawa aka yanka cikin shekara ashirin ɗin nan, an fitar da fulotai da shaguna da gidan mai, ba a ware ko taku ɗari na maƙabarta ba? Sau nawa mai haƙa ya sa diga ya ci karo da wanda ya riga, ya kau da kai ya tura ƙasusuwan gefe? Ba na cewa za mu wayi gari muna ƙona gawa, Allah ya kiyaye, addini ya yi mana katanga. Amma wulaƙanta mamaci ba sai da wuta ba.

Ƙarancin ƙasa kuma ba hujja ba ce, in akwai tsari. Singafo ta fi Koriya matsi. Tun 1998 suka ƙayyade wa kabari shekara 15, amma ba su tilasta wa Musulminsu ƙonawa ba: in wa'adi ya cika sai a tone cikin mutunci, a sake naɗe abin da ya saura, a rufe a ƙaramin wuri, kome a rubuce. A Baƙi'a ta Madina ma ana sake amfani da kaburbura bayan shekaru. Sanya alama kuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa ya ajiye dutse a kan kabarin Usman bin Maz'un don ya riƙa gane shi. Gini a kan kabari aka hana. Littafi mai layi da lamba a hannun mai gadi, da katanga, da albashin masu haƙa, ban ji malamin da ya hana ba. Kuɗin da muke kashewa a abincin sadakar uku da ta arba'in a unguwa ɗaya cikin shekara ya isa ya zagaye maƙabarta da bulo.

Saura magana ga 'yan'uwana da ke ƙasashen waje, don mu wutar ta fi kusa da gemunmu. Shekara uku da suka wuce wani Bahaushe ɗan'uwanmu ya kwanta dama a ɗakinsa, a wani garin masana'antu da ba shi da nisa da mu. Takardunsa sun ƙare tuntuni. Sunan da muke kiransa daban, na fasfo daban. Wayarsa a kulle, ba mai lambar gidansu, garin da ya ce mana nasu ne ashe a can ya yi karatun allo kawai. A ƙasar nan gawar da ba wanda ya fito ya karɓa, ƙaramar hukuma ce ke ɗauke ta, kuma galibi ƙonawa ake yi. Ba mugunta ba ce a wurinsu, abin da suke yi wa nasu ke nan. Mu kuma ba danginsa ba ne a takarda, ba a ba mu shi haka kawai. Kwana goma sha ɗaya yana cikin firjin asibiti, kuɗi na hawa kullum, muna zarya tsakanin 'yan sanda da ofishin jakadanci da babban masallacin Seoul da ke Itaewon, muna yawo da hotonsa a Facebook, kafin Allah ya haɗa mu da wani ƙanen mahaifiyarsa ya aiko da takardar wakilci. Muka yi karo-karo, 'yan Pakistan da 'yan Indonesiya suka taimaka, muka wanke shi muka sallace shi muka kai shi maƙabartar Musulmi da ke Chungju. Mutumin da a gida ba zai kai la'asar a waje ba.

Ba Koriya kaɗai ba ce. A Japan fiye da kashi 99 cikin ɗari ƙonawa ake yi, wuraren binne Musulmi 'yan ƙalilan ne. A Siri Lanka, lokacin korona a 2020, gwamnati ta tilasta ƙona gawar duk wanda cutar ta kashe, har da Musulmi, sai a Fabrairun 2021 ta janye, ta zo ta nemi afuwa a 2024. Kai, ko a gida, tun 2013 Jihar Legas take da dokar da ta ba da damar ƙona gawar da ba a zo an karɓa ba. Yaranmu nawa ne ke tura baro da tuƙa babur a Mile 12 da Agege ba ko guntuwar takarda a aljihu? Tun daga rasuwar nan muka buɗe asusu, kowa na zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, muka kuma buga ɗan kati da Koriyanci da Turanci: sunana na gaskiya kaza, ni Musulmi ne, kada a ƙona ni, a kira wannan lamba a nan da wannan a gida. Nawa yana bayan katin zamana. Wasu sun ƙi karɓa, wai kiran mutuwa ne.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka ya zaga maƙabartu biyar a duk garin da ya ga dama, ya tambayi abu uku: ina littafin, wa ke biyan masu haƙa, kuma shekara nawa ta rage wurin ya cika. A buga amsar yadda aka ba shi.

Da na dawo daga Kano na zo da carbin mahaifina, baƙi ne, na itace, ƙwayoyin sun sha hannu har sun yi sheƙi. Shi kaɗai na ce a bar mini cikin kayansa. Wata rana da yamma ina zaune a bakin ƙofa ina ja, Halmoni ta sauko za ta zubar da shara. Ta san an yi mini rasuwa, don har kuɗin ta'aziyya ta ba ni a farar ambulan, yadda suke yi. Ta tsaya ta ƙura wa carbin ido, ta sassauta murya ta ce, "Shi ne?"

Na ce, "A'a, Halmoni. Nasa ne."

Ta ce, "To shi yana ina?"

Na ce yana cikin ƙasa, a garinmu. Ta gyaɗa kai, ta ce hakan ya fi, ita ma da gwiwarta na hawa dutse da ba ta taɓa nata ba. Har ta juya, sai ta waiwayo ta ce in na je gida in yanke masa ciyawa da kyau. Na ce to.

Wassalam.

Naka,
Wani Bakano mai karanta ku daga Incheon, Koriya ta Kudu